Batra da Wadi Ram a hutun ƙarshen mako: yadda za ku raba lokacinku

Wani ɗan'uwa da ke karatu a Amman, babban birnin Jodan, ya aiko da tambaya a madadin abokansa. Su shida ne, suna son su yi amfani da hutun Juma'a da Asabar su ga kufan birnin Batra, wanda Turawa ke kira Petra, sannan su kwana a tantin Larabawan sahara makiyaya a Wadi Ram, kuma biyu daga cikinsu sun dage sai an ƙara da garin Akaba a bakin teku. Yana son ya san ko lokacin zai isa, da abin da ya kamata su tanada, da kuma ko Batra ita ce wurin nan da aka ce kada a shiga sai ana kuka.

Ɗan'uwa, lokacin zai ishe ku, amma da sharaɗin ku ba Batra safiya, ku ba Wadi Ram dare, ku kuma cire Akaba daga lissafi gaba ɗaya. Na raka ayari daban-daban a wannan hanya cikin shekarun da na yi a ƙasar, kuma abin da na fi ganin yana ɓata tafiyar shi ne kwaɗayin a ga komai, har a wayi gari an shafe rabin hutun a cikin mota. Daga Amman zuwa Wadi Musa, garin da ke bakin ƙofar Batra, kimanin kilomita 235 ne ta babbar hanyar sahara, wato tafiyar awa uku. Daga nan zuwa Wadi Ram kusan awa biyu ne, komawa Amman kuma awa huɗu. Awa tara ke nan a kan titi kafin a sa tsayuwar salla da cin abinci. Akaba ba ta da nisa daga Ram, amma duk awar da kuka ba ta, daga cikin abin da kuka fito dominsa kuka yanke ta.

Ku tashi ranar Alhamis da zarar an tashi daga darasi, kada ku wuce la'asar. Dalili na farko shi ne hanyar, domin ita ce manyan motocin dakon kaya daga tashar jiragen ruwa ta Akaba ke bi, kuma tuƙin dare a kanta ba abin so ba ne ga wanda bai san inda tudun rage gudu yake a kowane gari ba. Dalili na biyu na addini ne: a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kanta, an karhanta wa wanda Juma'a ta wajaba a kansa ya fara tafiya bayan fitowar alfijir ranar Juma'a, an kuma haramta masa bayan zawali. Wanda ya bar gida tun Alhamis ya kuɓuta daga wannan, ya wayi gari matafiyi, kuma nisan ya zarce abin da ake yin ƙasaru a kansa. Tunda ku shida ne, shatar ƙaramar bas da direbanta ta fi muku motar haya ta layi, saboda motocin da ke haɗa Wadi Musa da Ram ba su da yawa, musamman ranar Juma'a. Ku naɗa ma'aji guda ya riƙe kuɗin karo-karo, kowa kuma ya sa katin iƙamarsa da fasfo a aljihu, domin akwai shingayen jami'an tsaro a hanya, sannan kuɗin shiga Batra ga baƙon da ya kwana a ƙasar dinari 50 ne na yini ɗaya, alhali mai iƙama yana biyan abin da bai kai haka ba ko kusa.

Game da tambayarka ta ƙarshe, mutane da yawa suna cakuɗa wurare biyu. Hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Buhari da Muslim, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai ana kuka, ya zo ne a kan Hijir, wato Mada'in Salih, lokacin tafiyar yaƙin Tabuka. Hijir tana ƙasar Saudiyya kusa da Al'ula, kimanin kilomita 500 kudu da Batra. Abin da ya jawo ruɗanin shi ne kamannin sassaƙar, kuma ba banza suka yi kama ba, domin manyan kaburburan da ake gani a fuskar duwatsun wuraren biyu aikin al'umma ɗaya ne, wato Nabatawa, waɗanda Batra ce fadar mulkinsu, Hijir kuma babban garinsu na kudu. Hukuncin ziyara kuwa na malamai ne, kuma kuna da su a jami'arku.

Ana buɗe ƙofa wajen ƙarfe 6 na safe, kuma ina so ku kasance cikin waɗanda za a buɗe wa. Daga ƙofa za ku yi tafiyar kimanin mita 800 a fili, inda masu dawaki za su tare ku su ce hawa kyauta ne tunda yana cikin tikiti. Gaskiya ne yana ciki, amma a ƙarshen hanya za a nemi tukwici, kuma tafiyar ba ta kai a hau doki ba. Daga nan sai Sik, wani tsagi a tsakiyar dutse mai tsawon kilomita 1.2, wanda a wasu wurare faɗinsa bai wuce mita uku ba, bangayensa kuma sun yi sama har rana ba ta sauka ƙasa sai ta take. Yawancin masu ziyara suna ratsa shi da sauri, wayoyinsu a sama, suna ɗokin hoton da ke jiran su a ƙarshe, ba su san sun wuce abin da ya fi komai bayyana sirrin birnin ba.

Ku dubi gefen hagu da dama, daidai ƙugunku. Za ku ga magudanar ruwa an sassaƙa ta a jikin dutsen tana bin tsagin daga farko har ƙarshe, a gefe ɗaya buɗaɗɗiyar kwata wadda a da ake rufe ta da falalen duwatsu, a ɗaya gefen kuma gurbin bututun yumɓu, wanda har yanzu ana iya ganin ɓaraguzansa a maƙale. Ruwan daga idon ruwan da ake kira Ain Musa yake gangarowa. Wannan yanki ne da ruwan sama bai taka kara ya karya ba, kuma idan ya zo da ƙarfi yake zuwa lokaci guda, saboda haka Nabatawa suka gina madatsa a bakin Sik, suka fafe rami ta cikin dutse suka karkatar da ambaliya zuwa wani kwari, suka kuma haƙa ɗaruruwan ramukan tara ruwa a kan tuddai. Da wannan ruwa suka shayar da birni mai dubban jama'a, har da lambu da tafkin shaƙatawa a tsakiyarsa, da shi kuma suka mallaki hanyar fatauci, domin ayarin da ya ɗauko lubban da murru daga kudancin Larabawa zuwa gaɓar Gaza dole ya sauka inda ruwa yake, ya biya abin da mai ruwan ya yanka. A wani lungu na Sik, a gefen hagu, akwai sassaƙen ayarin raƙuma wanda iska da ruwa suka cinye samansa, sai ƙafafun raƙuman da rabin jikin madugunsu na ƙasa, har ninkin zanensa ana gani. Ban taɓa tsayar da mutane a nan ba face sun ce da ba a nuna musu ba da sun wuce.

Madatsar nan kuma ba tarihi kaɗai ba ce. Bayan da ta rushe aka bar ta, ambaliya ta shigo Sik a 1963 ta halaka mutum fiye da ashirin, yawancinsu Faransawa masu ziyara, abin da ya sa aka sake gina ta. A watan Nuwamba na 2018 ma sai da aka kwashe dubban baƙi daga wurin cikin gaggawa. Idan tafiyarku ta faɗo tsakanin Nuwamba da Maris, ku duba hasashen yanayi, kuma idan ma'aikata suka ce a fita ko a hau tudu, kada ku tsaya gardama don kun ga sama garau a kanku, domin ruwan da aka yi a kan tuddai masu nisa shi ne yake zuwa.

A ƙarshen tsagin Hazna, wato Taska da Larabci, za ta bayyana, fuskar gini mai tsayin kusan mita 40 da aka sassaƙa daga sama zuwa ƙasa a jikin jan dutse, galibin masana kuma suna danganta ta da zamanin sarki Harisa na Huɗu, wanda ya yi mulki daga shekara ta 9 kafin miladiyya zuwa ta 40 bayanta. Ba taska ba ce, kabarin sarauta ne. Sunan ya samo asali daga labarin da mutanen wurin suka gada cewa Fir'auna ya ɓoye dukiya a cikin tulun da ke can ƙololuwa, kuma tabon harsasan waɗanda suka yi ta harbin tulun don zinariya ta zubo yana nan, alhali dutse ne tsantsa ba shi da ciki. Ku ba ta minti ashirin ku wuce. Samari za su yi muku tayin hawa da ku ta wata gajeriyar hanya ku yi hoto daga sama, amma hanyar tana da santsi da hatsari, kuma akwai halastacciyar hanya mai matakala da ta tashi ta bayan kaburburan sarakuna, ake kiranta Hubsa, wadda ba a biyan ko sisi.

A nan ne za ku yanke shawarar da ta fi kowace wuya, kuma gara ku yanke ta tun daren Alhamis a masauki. Daga ƙofa zuwa tsakiyar birni, inda haikalin Ƙasarul Binti yake tsaye, kimanin kilomita huɗu ne. Daga can zuwa Dair, ginin da ya fi Hazna girma, sai an hau matakala wajen 800, kusan awa guda ga mai ƙarfi. Zuwa da dawowa ya kusa kilomita 12, kuma hanyar fita hawa ce, a lokacin da rana ta yi tsaka. Wanda ke son ya samu Juma'a a Wadi Musa, wajen ƙarfe 12 da rabi, sai dai ya haƙura da Dair, ya wadatu da dandalin kallo da aka fafe a dutse, da titin ginshiƙai na zamanin Rumawa, waɗanda suka haɗe masarautar Nabatawa a shekara ta 106, da cocin da aka tono ƙonannun takardu a cikinsa a 1993. Wanda ya ɗauki sassaucin matafiyi zai iya hawa Dair, amma sai ya nufe ta kai tsaye tun da sanyin safiya, ya bar sauran kallo sai a hanyar dawowa. Abin da ba na so shi ne ku rabu gida biyu ba tare da an tsayar da lokacin haɗuwa ba. Na taɓa raka wasu da mutum biyu cikinsu suka ce za su leƙa Dair su dawo yanzu-yanzu da ƙarfe 11, ba mu gan su ba sai bayan la'asar, ɗayansu yana ɗingishi, muka isa Ram an yi isha'i, mun rasa faɗuwar rana, abinci kuma ya huce.

Mutanen da za ku tarar suna sayar da shayi da sarƙoƙi da hayar jakuna a ciki, yawancinsu 'yan ƙabilar Budul ne, waɗanda a cikin waɗannan kogunan iyayensu suka zauna har zuwa lokacin da gwamnati ta mayar da su ƙauyen Ummu Saihun, a daidai shekarun da UNESCO ta sa Batra cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Shi ya sa nakan yi murmushi idan aka ce Baturen Suwizalan nan, Burkhardt, shi ya gano birnin a 1812. Shigar Larabawa ya yi, ya ce sunansa Shaihu Ibrahim, ya ce ya yi bakancen yanka akuya a kabarin da ake dangantawa da Annabi Haruna a kan dutse, sannan ɗan jagora ya ratsa da shi ta inda mutanen wurin suka saba bi kullum. Ku yi ciniki da fara'a, ku tsayar da farashi kafin ku hau dabba, kuma kada ku sayi tsoffin kuɗaɗen ƙarfe da za a nuna muku a ɓoye, domin idan na jabu ne an cuce ku, idan na gaske ne kun karya dokar kayan tarihi.

Ku bar Wadi Musa kafin ƙarfe 3, bayan kun ciri tsabar kuɗi, domin a sahara ba za ku samu na'urar cirar kuɗi ba. Hanya za ta gangara daga tsaunin Ra'asun Naƙab, ta wuce kusa da kufan Humaima, ƙauyen da zuriyar Abbas suka zauna suna ƙulla shirin da ya kifar da daular Umayyawa a shekara ta 750, sannan a kwanar Rashidiyya ku karya hagu. A ofishin baƙi za a karɓi kuɗin shiga, motarku kuma iyakarta ƙauyen Ram, inda kwalta ta ƙare. Daga nan sai motar masu sansani mai buɗaɗɗen baya.

Zaɓen sansani shi ne inda aka fi yin kuskure. Wadi Ram keɓantaccen yanki ne mai faɗin murabba'in kilomita 720, ƙabilar Zalabiya ce ke ƙauyen Ram, Zawayida kuma suna Disa a gefen arewa maso gabas. Sansanonin da ke bakin titi wajen Disa sun fi sauƙin zuwa, wasunsu har da na'urar sanyaya ɗaki da kiɗan lasifika har tsakar dare, wanda ya kwana a can otal ya kwana, sai dai an shimfiɗa masa rairayi a ƙofa. Ku nemi ƙaramin sansani na iyali a can cikin keɓantaccen yankin, a gindin dutse. Idan kuka ga an tallata kwana a intanet da kuɗin da bai kai na faranti ɗaya na abinci ba, ku sani ribar tana cikin abin da ba a faɗa ba. An taɓa yi mana haka a wani sansani: kuɗin tanti kamar kyauta, amma da safe aka kawo lissafin ɗauko mu daga ƙauye, da na abincin dare, da na yawon mota wanda aka ce wajibi ne. Tun kafin ku tashi ku sa a rubuto muku jimilla guda a saƙon waya, wadda ta haɗa ɗauka da mayarwa, da abincin dare da na safe, da ruwan sha, da awa nawa ne yawon.

Ku sani cewa ku masu biya ne, saboda haka kada ku sa ran tsohuwar al'adar nan ta Badu, wato Larabawan sahara makiyaya, ta saukar da baƙo kwana uku da sulusi ba a tambaye shi abin da ya kawo shi ba. Amma ladubban zama a tanti suna nan daram, kuma mai gida yana lura da wanda ya san su. Baƙin tantin da suke kira baitus sha'ar da gashin akuya mata ke saƙa shi, idan ruwa ya taɓa shi zaren ya kumbura ya toshe kafofin, idan zafi ya yi kuma iska ta ratsa. An raba shi biyu, ɓangaren maza da baƙi daban, na iyali daban, kuma ba a leƙa na iyali, ba a ɗaukar hoton mace sai da izini. Idan aka kawo gahawa, ɗaci ce mai ƙamshin hel, ɗan kaɗan a gindin ƙaramin finjali. Mai gida yakan fara kurɓa don ya nuna lafiyarta, sannan ya miƙa da dama, kai ma ka karɓa da dama, ka sha nan take. Kada ka ajiye ta ƙasa ba ka sha ba, domin a al'adarsu wannan alama ce ta cewa ka zo da buƙatar da ba za ka sha ba sai an biya maka. Za a yi ta ƙara maka har sai ka ɗan girgiza finjalin yayin mayarwa, kuma ba a son a wuce uku. Shayin ba shi da wannan ƙa'ida, mai zaƙi ne ƙwarai, da ganyen maramiyya, butarsa kuma ba ta sauka daga kan garwashi.

Abincin dare zarb ne. Tun da rana ake hura wuta a cikin wata ganga da aka binne a ƙasa, idan itacen ya zama garwashi sai a zura wani ƙarfe mai hawa biyu ko uku, nama da kaji a kai, dankali da albasa da karas a tare, tukunyar shinkafa a ƙasa tana karɓar romon da ke ɗiga, a rufe da murfi, a shimfiɗa bargo, a tula rairayi, a bar shi awa biyu zuwa uku. Bayan magariba za a kira ku ku kewaye wani ɗan tudun yashi wanda ba za ku taɓa cewa akwai wani abu a ƙarƙashinsa ba. Yaro zai sa shebur ya kwashe yashin, a yaye bargon a hankali don kada ƙasa ta zuba, mutum biyu su kama ƙarfen su ɗago shi, tururi ya turnuƙe fitila, naman kuma yana saɓulewa daga ƙashi tun kafin a kai shi faranti.

Sanyin dare shi ne abin da 'yan'uwanmu suka fi rainawa. Ƙauyen Ram yana kan tudu kusan mita 1,000 sama da teku, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi yakan kai ruwa ya daskare da asuba, irin wanda hunturunmu bai kama ƙafarsa ba. Ko a watan Afrilu ko Oktoba, waɗanda su ne lokutan da suka fi dacewa da tafiyar, sai da rigar sanyi mai kauri da hula da safa. Ku ɗauki tocila da abin cajin waya, ku gaya wa na gida cewa waya ba za ta shiga ba sai gobe, ku kakkaɓe takalma da safe saboda kunama, ku kuma yi tattalin ruwan alwala, domin da tanka ake kawo shi. Idan kuna da zaɓin mako, ku dubi kwanan wata na Musulunci ku zo a ƙarshen wata ko farkonsa, lokacin da farin wata ba zai dusashe taurari ba. Ku yi nisa kaɗan da wutar sansani ba tare da kun ɓace mata ba, ku zauna minti goma idanunku su saba, sannan ku roƙi wani dattijo ya nuna muku Surayya, wadda muke kira Kaza da 'Ya'yanta, da Suhailu, wanda fitowarsa a ƙarshen bazara ke shaida musu cewa zafi ya fara karyewa.

Safiyar Asabar ta yawon mota ce, kuma awa huɗu sun isa. Ku ce wa direba ya fara da tsagin Haz'ali kafin jama'a su taru, inda za ku ga zanen tafin ƙafa da na mutane da dabbobi, da rubutun Samudawa da na Nabatawa da na Larabcin Kufa a bango ɗaya, kaɗan daga zane 25,000 da rubutu 20,000 da aka lissafa a yankin lokacin da UNESCO ta karɓe shi a 2011. Sai idon ruwan da ake jingina wa Lawrence, jami'in Ingila da ya bi ta nan a 1917 lokacin tawayen Larabawa, kodayake raƙuman Badu sun sha a wurin dubban shekaru kafin a haife shi. Ku lura da inda ruwan yake tsattsafowa: duwatsun Ram dutsen yashi ne a sama mai tsotse ruwan sama, a ƙasa kuma baƙin dutse mai tauri wanda ruwa ba ya ratsawa, saboda haka a daidai layin da suka haɗu ne ake ganin ɓaure da ciyayi kore a jere. Gadar dutse ta Ummu Furus tana da sauƙin hawa, ta Burda kuwa yini take ci kuma sai da ɗan jagora, ku bar ta sai wani zuwan. Ku koma ƙauye ku haɗa azahar da la'asar, ku kama hanya kafin ƙarfe 2, domin ku shiga Amman da sauran haske, tunda ranar Lahadi da safe akwai darasi.